Maigidan Inna da Angonta

Kafin Haliru ya zo gidanmu, ni ne maigidan Inna, kuma duk cikin jikokinta babu wanda ya taɓa ja da ni a kan wannan sarauta.

Inna kakarmu ce, ita ta haifi babana. Ƙauyenmu yana gefen Karare ne, a ƙasar Batsari, gida babba mai rumbuna a tsakiya da turken awaki a baya. Idan aka gama girbi aka shigo da gero da dawa, sai aikin gyaɗa ya rage wa mata da yara. Da an idar da sallar isha'i, Inna za ta sa a haɗa mata wuta a ƙofar ɗakinta da karan dawa da ɓawon gyaɗar jiya, a zube mana gyaɗa a kan tabarma, mu zagaye. Sharaɗinta ɗaya ne: hannu na ɓara, kunne na saurare. Wanda ya tsaya da ɓara, sai ita ma ta tsaya da tatsuniya, nan take sauran yara su yi masa ca.

Wurin zamana sananne ne, gefen gwiwarta ta dama, inda hayaƙi ba ya bi. Idan ta tura 'yar gyaɗa cikin toka ta gasu, ni take fara miƙa wa. Idan na makara sai ta ɗaga murya yadda duk gida zai ji: "Ina maigidan nawa? Yau ma ya gudu don kada in tambaye shi cefane?" Ni kuma in fito ina hura hanci, in ce ni ba na auren mai furfura. Ta ce to in maido mata da ƙanzon da na ci. A yi dariya, in zauna. Sa'an nan ta gyara zaninta ta ce, "Ga ta nan, ta taso daga nesa." Mu amsa mata, "Ta ƙaraso, akwai wuri." Muryata ce ke fara fita, saura su biyo baya.

A shekarar da nake aji huɗu na firamare, ƙanin babana ya rasu. Baffa Malam muke ce masa, domin malamin makaranta ne a Safana, shi ne kuma autan Inna. Ciwo ne na 'yan kwanaki. Na tuna mutane suna ta shigowa gaisuwa, Inna na zaune da carbi, ba ta yi kuka ba, ba ta ce komai ba illa amsa addu'a. Bayan matarsa ta fita takaba ta koma gidan iyayenta, manya suka yanke cewa ɗansa na fari ya dawo wurinmu. Wata ranar kasuwa aka sauke shi daga a-kori-kura da akwatin ƙarfe, da takalmi sau-ciki har da safa. Shi ne Haliru. Sa'ana ne, na girme shi da 'yan watanni kawai, siriri, mai yawan kallon ƙasa.

Ranar farko da ya fito wurin wuta, sai ya tsaya daga nesa bai san inda zai zauna ba. Inna ta dube shi ta buga tabarma a gefenta na hagu.

"Taho nan, ango. Kada ka ji tsoron wancan tsohon maigidan, ba shi da haƙora."

Kowa ya yi dariya, har da ni. Na ɗauka wasan yini ɗaya ne. Ashe sunan ya zauna ke nan. Daga ranar ni maigida, shi ango, kuma ko yaro ya san wanda ake ɗoki tsakanin biyun.

Kwanakin farko Haliru ba ya magana. Ba ya amsa buɗin tatsuniya, ba ya dariya inda ake dariya, gyaɗar ma bai iya ɓara ba, sai ya fasa ƙwayar gaba ɗaya. Wannan ya kwantar mini da hankali. Sai wata rana, muna jiran Inna ta gama cin goro, ya ɗauki tsinken kara ya share toka a gefen wuta ya yi rubutu. Ya goge da tafin hannu, ya sake yi. Ya sake gogewa.

"Ango, mi kake tonawa a tokata?" in ji Inna.

Ya ce ba komai. Ta ce ba komai ba ya sa mutum ya ƙura ido haka. Sai ya matso da tsinken, cikin ƙaramar murya ya ce wani wasa ne na Turanci. Ya rubuta haruffa uku ya ce wannan "tea" ne, wato shayi. Ya ɗauke harafin farko ya mai da shi ƙarshe, ya ce yanzu ya koma "eat", wato ci. Ya sake juya su, ya ce yanzu "ate" ne, wato an riga an ci. Bai ƙara ko ɗaya ba, bai rage ko ɗaya ba.

Inna ba ta san boko ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa da shi. Amma ta sunkuya ta kalli tokar nan kamar tana gane kowane zane. Ta daɗe tana kallo. Sa'an nan ta kyalkyale da dariya ta ce, "Su dai Turawan nan ciki suka sa gaba. Duk inda ka juya su, abinci ne."

Wannan ce dariyarta ta farko tun bayan rasuwar, irin wadda take yi har ta riƙe gefen ciki. Ni da nake ganin duk gidan babu mai sa ta dariya kamata, na yi ta ƙoƙari watanni ban samu ba. Wani ya zo da tsinken kara ya samu a zama ɗaya.

Tun daga ranar tsarin hirarmu ya canza. Kafin tatsuniya sai ta juya hagu ta ce, "Ango, yau mi ka kawo wa amarya?" Shi kuma kullum yana da abin kawowa. Ya kawo "lemon", lemon tsami, ya juya shi ya zama "melon", wani ɗan'uwan kankana, Inna ta ce ashe tsami da zaƙi uwarsu ɗaya. Ya kawo "meat", nama, ya juya ya zama "team", ƙungiyar 'yan wasa, ya sake juyawa ya zama "mate", aboki. Ta ce gaskiya ne, inda nama yake nan ƙungiya take taruwa, nan kuma ake samun abokai. Wata rana ya kawo "listen" da "silent", saurara da yin shiru. Wannan ta fi burge ta, har ta mai da ita sandar dukanmu. Da mun fara surutu sai ta ce, "Ku tambayi ango, ko Bature ya san mai saurare shiru yake yi."

Ƙannena da 'ya'yan baffannina suka koma gefen hagu, hayaƙi na shiga idonsu amma ba su damu ba. Ni ina gefen dama ni kaɗai da sarautata. Gasasshiyar gyaɗa har yanzu ni ake fara ba, amma sai na lura tana miƙo mini ne ba tare da ta juyo ba, idonta na kan toka. Na tsani safar Haliru. Na tsani yadda yake goge toka a hankali kamar mai shafa kan jariri. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ya alfahari. Da yana yi, da na sami abin kamawa.

Na yanke shawarar in yi yaƙi da makaminsa. Bayan an tashi daga makaranta na tsaya na roƙi malaminmu ya ba ni kalmar Turanci da ake juyawa. Ya yi mamaki, don bai taɓa ganin na nemi ƙarin karatu ba. Ya yi tunani ya ba ni "rat" da "tar", ɓera da kwalta. Na yi ta maimaitawa a hanya har gida. Da yamma, kafin Inna ta buɗe baki, na fizge tsinken na rubuta, na yi bayani da ƙarfi.

"Kai, madalla!" in ji Inna. "Ashe maigida ma na taɓawa."

Ban gama jin daɗin ba sai Haliru ya leƙo ya ce, "Akwai ta uku." Ya karɓi tsinken ya rubuta "art", ya ce zane ke nan, irin na masu yin hoto. Ba da mugunta ya yi ba, fuskarsa ma murna ce a kanta, kamar ya sami abokin wasa. Amma yara suka yi ta tafi, kuma ba ni suke tafa wa ba.

Washegari ban koma wurin malam ba, kunya ta hana ni. Na ce ai abin ba wuya, juya haruffa ne kawai. Na san "goat" akuya ce, don tana cikin littafinmu da hotonta. Na zauna bayan turke na yi ta jujjuya ta a ƙasa har na sami wadda ta yi mini daɗin faɗa. Da aka taru na rubuta "goat", na ce akuya. Na goge na rubuta "gota".

"Ita kuma fa?" in ji Inna.

"Bunsuru," na ce, ko ido ban ƙifta ba.

Inna ta juya hagu. Haliru ya kalli tokar, ya kalle ni, ya sunkuyar da kai. Na ga alamar ba ya son magana. Sai ƙanwata Saude ta zungure shi ta ce ya faɗa mana. Ya ce a hankali, "Ni dai ban taɓa jin ta ba. Ina jin babu ita."

Dariyar da aka yi har iyayenmu mata sai da suka leƙo daga ɗaki. Kafin a watse na sami sabon suna. Gota. Har yau akwai tsofaffin abokaina da idan suka gan ni a kasuwar Batsari da shi suke kirana, ba su ma san asalinsa ba.

Na daina zuwa wurin wuta. Da an idar da sallah sai in zagaya bayan rumbun da ke kusa da ɗakin Inna in zauna a kan dutsen gindinsa, inda nake jin komai amma ba a ganina. Ina jira a ce ina maigida. Ranar farko ba a ce ba. Rana ta biyu na ji Saude ta ce, "Inna, Lawwali bai zo ba." Inna ta ce, "Maigida ya yi yaji. Ku bar shi, namiji in ya yi yaji ba a biko." Aka yi dariya, aka ci gaba. Na ji kamar in fasa ihu. Sanyi na dukana, sauro na cizona, ina jin ƙamshin gyaɗar da ake gasawa, kuma na san hannun da ake fara miƙa wa.

Ana cikin haka wata rana, bayan Haliru ya gama nasa, Inna ta yi buɗinta, aka amsa, sai na ji muryarta ta fi ta kullum ƙarfi, kamar mai magana da wani a ƙetaren danga.

Ta ce an yi wani fari a wata ƙasa, har mutane suka cinye irin shuka. Akwai wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙani, suka hau dutse wurin wata tsohuwa mai zama a kogo, suka roƙe ta taimako. Ta ba kowannensu abu uku iri ɗaya: damin gero, da tulun ruwa, da garwashi a kasko. Ta ce kowanne sau ɗaya yake aiki, amma in ya yi, ya yi ke nan. Suka sauko, kowa ya kama hanyarsa.

Ƙanin ya isa fili ya sussuke geronsa ya shuka, ya juye tulun a kai. Kafin gari ya waye gona ta tashi ta yi zangarniya har tana rusunawa. Ya yanka, ya hura garwashinsa ya dafa, kuma wutar nan ba ta sake mutuwa a murhunsa ba. Shi kuwa wan, sanyi ne ya kama shi a hanya. Ya ajiye kaya ya hura garwashi don ya ji ɗumi. Iska ta kwashi wutar ta kai kan damin. Ya ruɗe ya juye tulun don ya kashe. Da hayaƙi ya lafa, ba gero, ba ruwa, ba wuta, sai baƙar toka jiƙaƙƙiya.

"Sai ya tahi ya leƙa ta dangar ƙanin," in ji Inna, "ya ga gona shar, ya ga hayaƙin tuwo na tashi. Ƙanin ya hango shi ya ce, yaya, shigo mu ci. Ya ce ya ƙoshi. Ya koma ya kwashe tokarsa a tulu, ya hau dutse, ya zube ta gaban tsohuwa ya ce, kin cuce ni, nasa kayan sun fi nawa. Tsohuwa ta ce, ɗan nan, abin da na ba shi shi na ba ka, ko ƙwaya ɗaya bai fi ka ba. Shi ya fara da gero ya ƙare da wuta. Kai ka fara da wuta ka ƙare da ruwa."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ji muryata tana fita daga bayan rumbu: "To ai sanyi yake ji! Kuma me ya hana ta gaya masa wanda zai fara da shi?"

Sai Inna ta ce, "Ikon Allah. Shekara da shekaru ina zuba dawa a rumbun nan, ban san ya iya magana ba."

Yara suka kwanta da dariya. Ba yadda zan yi, na fito ina kumbure-kumbure. Wurina na nan, ba wanda ya zauna. Ban kalli kowa ba na zauna, na ja gyaɗa gabana. Inna ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Ta ce tsohuwa ta tsuguna ta shafa tokar ta ce, wannan ma ai dukiya ce. Ka tace ta, ka zuba mata mai, ka dafa, za ka ga abin da za ta zama. Wan ya ce da wace wutar, tawa ta mutu. Tsohuwa ta ce, wannan kuma ba ni da wata. Wuta ɗaya ta rage a ƙasar nan, ka san gidan da take. Ya yi kwanaki yana zagaya gidan ƙaninsa, ya zo ƙofa ya koma, ya zo ƙofa ya koma. Ranar da ya shiga da kaskonsa, ƙanin bai tambaye shi komai ba, ya cika masa shi da garwashi. Ya je ya dafa tokarsa, ta zama sabulu, abin da ba a taɓa gani ba a ƙasar. Mutane suka riƙa kawo hatsi suna karɓa, har ƙanin ma, don aikin gona ya sa rigarsa ta yi dauɗa.

"Nan ta gaji ta zauna," in ji Inna. "Wanda bai yarda ba ya bi ta ya tambaye ta."

Na kwanta a ranar ina da tabbacin ni aka yi wa tatsuniyar nan. Ni ne wa, ni ne mai leƙen danga, ni ne mai cewa na ƙoshi. Haushi ya kama ni, amma a ƙarƙashin haushin akwai wani daɗi: ashe dai ta san ina nan, har ta zauna ta ƙera tatsuniya sukutum saboda ni. Haliru yana da haruffansa, ni kuma ina da tatsuniyata.

Amma ban je ɗibar wuta wurin kowa ba. Na ci gaba da neman abin da zan kayar da shi. Wata ranar kasuwa babana ya ɗauke ni a bayan babur zuwa Batsari. Yana ciniki ina tsaye, sai na ji wata yarinya mai talla tana ta kira da sauri, rogo, rogo, rogo, har kalmar ta narke a kunnena na fara jin goro, goro. Na tsuguna na rubuta a ƙasa da yatsa. Haruffa huɗu, iri ɗaya. Na yi tsalle don murna. Kafin mu iso gida na samo rake da kare, na samo masa da sama, na samo gari da riga. Ashe abin nan da nake ta bi a harshen wasu yana zube a bakinmu.

Da yamma na jera su a toka ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon tafin nawa ne. Haliru ya fi kowa zumuɗi, ya ce shi bai taɓa tunanin ana yi da Hausa ba, ya ƙara da gira a kan gari da riga, amma ko wannan bai rage mini komai ba. Inna ta yi dariya har da hawaye a kan rake da kare, ta ce daga yau sai ta duba da kyau kafin ta sha rake. Ta gutsuro goronta ta ba ni, abin da ba a ba yara, ta ce, "Ungo rogonka, maigida." Na tauna, ɗaci ya cika mini baki, na haɗiye ina jin kamar an naɗa mini rawani.

Sai ta juya hagu. "Ango, kai fa? Kada ka bari tsoho ya kunyata ka."

Haliru ya share toka ya rubuta haruffa biyar. Ya ce wannan "earth" ne, ƙasa. Ya ɗauke harafin ƙarshe ya kawo shi farko, ya ce yanzu "heart" ne, zuciya.

Inna ba ta yi dariya ba, ba ta kawo sharhinta na kullum ba. Ta ce ya sake faɗa. Ya faɗa. Ta ce ya ƙara. Ya ƙara. Ta kalli wuta, sa'an nan ta ce, kamar ba da mu take ba, "Haka yake jan ta. Har yadda yake karkata kai." Ta sa bakin mayafi ta goge ido ta ce waye ya sa ɗanyen kara a wutar nan. Babu ɗanyen kara. A ranar ba a yi tatsuniya ba, ta ce kanta na ciwo.

Da safe na bi babana gona muna kwashe kara. Na tambaye shi wa Inna take nufi. Ya gama ɗaure damin da ke hannunsa. Sa'an nan ya ce lokacin da Auta yake makarantar horon malamai, idan ya zo hutu haka yake zama a gefenta na hagu yana yi mata wannan rubutu a toka, tana yi masa dariya tana cewa an tura shi karatu ya koyo wasan yara. Ya ce, "Ka san ba za ta yi kukansa a gaban mutane ba. To ka bar ta ta ji muryarsa inda ta same ta."

Na so in ce na gane, kuma wani ɓangare nawa ya gane. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, kai me kake yi mata da kana yaro? Koya mini in yi mata." Ya dube ni, ya yi murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba, ya ce, "Ni? Ni itace nake kawo mata. Ba a zama a saurari itace." Ya ɗora mini damin kara a ka. A ranar na fara zargin ba ni ne farkon wanda ya zauna a gefen dama yana kallon hagu ba.

Ni da Haliru mun shaƙu daga baya, ba don wani abu ya faru ba sai don ɗaki ɗaya da kwano ɗaya. Na koya masa ɓarar gyaɗa da hawan jaki, ya taimake ni da Turanci har na daina ƙirƙiro bunsuraye. Amma ba zan ce kishin ya tafi ba. Ya dai koyi zama shiru. Har Inna ta rasu, idan ta ce ango sai na ji ɗan tsinke ya soke ni. Allah Ya ɗauke ta kafin 'yan bindiga su tashe mu, ba ta ga ranar da muka bar rumbunan nan muka dawo cikin Batsari ba. Yanzu ina ɗinki a bakin kasuwa. Haliru ya gaji babansa, yana koyarwa a Safana.

Shekaru da yawa na riƙe tatsuniyar toka a matsayin gadona. Duk lokacin da na ga wani ya samu na ji kishi ya motsa, sai in tambayi kaina ko kayansa ne suka fi nawa, ko kuwa jerin ne ya bambanta. Sau da yawa amsar ba ta yi mini daɗi, amma tana sa ni in ɗauki kaskona in je in tambayi yadda aka yi.

Bara Haliru ya zo sunan ɗana. Da la'asar na raka shi tasha, muka zauna a benci muna jiran mota ta cika. Hira ta kai mu ga Inna, na ce masa har yau ina mamakin yadda ta ƙera tatsuniya guda don ta fito da ni daga bayan rumbu.

Ya juyo ya dube ni. "Wace tatsuniya?"

"Ta mai toka mana."

"Yaya Lawwali," in ji shi, "ai ni ta yi wa."

Na yi dariya, na ce ya manta ne, ni ne wa, ni ne mai leƙe. Bai yi dariya ba. Ya ce in tuna waye a cikinmu komai nasa ya ƙone a lokaci ɗaya, uba da gida da makaranta, ya zo da tokarsa a akwatin ƙarfe. Waye kuma ya zo gidan wasu ɗibar wuta, ya tsaya a ƙofa bai san inda zai zauna ba. Ya ce tana ba da ita hannunta na kan gwiwarsa, da ta zo wurin da tsohuwa ta ce wannan ma dukiya ce, sai ta matse masa gwiwar. Ya ce da wannan maganar ya yi karatu, da ita yake shiga aji har yau.

Ni ban ga hannun ba. Lokacin kaina na sunkuye, ina fushi da gyaɗa.

Na ji kishin nan ya taso mini, sabo fil, kamar ban yi gemu ba. Na ce amma ai murya ta ɗaga don in ji. Ya ce tsufa ne, kunnenta ya fara nauyi. Na ce ƙarya ne, Inna tana jin motsin ɓera a rumbu. Ya ce to me ya sa mai tokar ne ya sami sabulu. Na ce don ta lallashe ni. Muka yi ta yi, magidanta biyu, har mutanen benci suka fara juyowa suna tsammanin rigimar gona ce. Yaron mota ya buga ƙarfe ya ce saura mutum ɗaya. Haliru ya haye baya ya sami wuri a kan buhu, motar ta fara tafiya, ya ɗaga murya ya ce, "Ni ta yi wa!"

Na bi motar da sauri ina cewa ni ne, har ta fita tasha. Sa'an nan na tsaya ina haki a bakin titi, na tuna mutum ɗaya ce za ta iya raba mu, kuma ko tana nan dariya kawai za ta yi.